Haƙoran Gwaggo Lempi

Kivivaara, Oktoba 1974

Zuwa ga 'yata Ritva,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon da ya haife ki, da fatan kina lafiya, kuma mutanen Suwidin ba su gama canza miki harshe ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi, rabinsa kuma a bakin murhun makaranta na yi shi ina gyangyaɗi.

Ni lafiyata lau, in aka cire gwiwa da baya da kunnen hagu. Innarki tana nan a asibitin cikin gari da shanyewar ɓarin jikin nan. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar tana ɗan jawuwa. Magana ta fara fita ta gefe ɗaya na bakin, kuma kalmar farko da ta fito sarai ita ce "wawa". Da ni take, don na kawo mata safa wari baƙa wari ruwan toka. Likita ya ce alama ce mai kyau. Kalma ta biyu ita ce "gida". Wannan kam ba ta gajiya da ita. Ina shiga, gida. Ina fita, gida.

To ga inda maganar take. Nas ɗin gunduma, wata Anelma, doguwa, ba ta dariya a lokacin aiki, ta ce za su ba ni ita, amma da sharaɗi. Ta ce muna ƙarshen hanya, ba tarho, bas ɗin gidan waya ba ya zuwa kullum, kuma ciwon nan yakan dawo ba sallama. Sai in akwai mota a ƙofar gida wadda za a murɗa makulli ta tashi. Za ta zo da kanta ta gani. Idan ta tashi, Innarki ta dawo. Idan ba ta tashi ba, ta ci gaba da kallon rufin asibiti.

Na ce mata ai ina da mota. Ta leƙa ta taga ta ga Gwaggo Lempi, ta ce, "Waccan?" Na ce ita. Kin san na raɗa wa motar sunan marigayiya gwaggona ne don dukansu biyu sai sun yi tari da safe kafin su yi magana da kowa. Yanzu ko tarin babu. Kik ɗinta, abin tayar da injin, ya ƙone tun lokacin yankan ciyawa, na murɗa makulli sai hayaƙi da warin gashin kaza. Tun daga nan a kan gangaren bayan rumbu nake ajiye ta, in saki birki, ta gangara, in saki kuloci ta kama. A cikin gari kuwa a gangaren coci nake tsayawa, har fasto ya fara zaton na shiryu.

Amma dusar ƙanƙara ta kusa, ita kuma ba a gangara a cikinta. Ni da Eemeli maƙwabcinmu mun zaga duk inda gawar mota take a gundumar nan. Duk wadda muka buɗe, an riga mu cire mata kik. Kowa a nan da kayan matattu yake tafiya.

Ba roƙonki nake yi ba. Labari nake ba ki, kamar yadda ake ba da labarin yanayi.

Babanki,
Jalmari

Göteborg, Nuwamba 1974

Baba,

Na sami wasiƙarka, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sai ciwon kafaɗa na ɗinkin kujerun mota, wanda kowa a layinmu yake da shi. Na karanta wajen "wawa" a wurin shan kofi, na yi dariya har na yi kuka, matan suka zuba mini ido.

Baba, don Allah ka bar yawon juji kai da Kawu Eemeli. Kullum haka kuke, ku ciro ruɓaɓɓe ku sa a madadin ruɓaɓɓe. Wannan karon Inna ce a ciki. Ina aiki a inda ake ƙera motoci, a ce ubana ya rasa abin tayar da tasa?

Na je shagon kayan mota da wani ɗan ƙasarmu, mutumin Kajaani, da ke aiki tare da mu, ya iya yaren Suwidin fiye da ni. Na gaya musu irin motar da shekararta, ai a cikinta ka koya mini tuƙi, na san ta kamar tafin hannuna. Suka duba suka ɗauko sabo fil a kwalinsa. Na karɓi aikin Asabar har zuwa Kirsimeti, don haka ba zan zo ba bana, kada ka yi mini faɗa. Ɗan gidan Juntunen zai taho gida hutu, zai kawo maka. Na sa kofi a ciki, da ɗankwali shuɗi na Inna, wanda za ta ɗaura ranar dawowa.

Ka ɗaura shi kawai. Kada ka ƙara masa dabara.

'Yarka,
Ritva

Kivivaara, bayan Kirsimeti

Injiniya Ritva,

Gaisuwa da fatan kin ci Kirsimeti lafiya, ko da yake ban san me kuke ci a can ba. Ni na ci nawa a gefen gadon Innarki, shinkafar madara ta asibiti, wadda in an shafa a bango za ta riƙe fasali. Tana gaishe ki. Yanzu tana haɗa kalma uku, huɗu. Ta riƙe ɗankwalin da hannun hagu ta ƙi saki.

Saƙo ya iso. Tunda nake ban taɓa riƙe sabon abin mota a kwalinsa ba. Na ɗora shi a kan tebur kwana guda ina kallonsa. Eemeli ya shigo ya cire hula, ya ce, "Jallu, wannan a mota za ka sa shi ko a coci?"

Mun ɗaura shi. Ya ɗan yi gardama. Noti biyu suka shiga, na uku ya ce shi bai san mu ba. Eemeli ya ce ai kayan birni ne, kunya yake ji. Na ɗauko magagari na faɗaɗa masa ramin, muka cusa washa a baya, ya zauna daram. Kin san mu nan, abin da noti biyu suka yarda da shi, na uku sai ya bi.

Kuma ta tashi, Ritva. Na rantse miki ta tashi. Sai dai kik ɗin nan naki mawaƙi ne. Kafin ya juya injin sai ya rera wata waƙa irin ta matar fasto idan ta kai ƙarshen baiti, karen Eemeli ya shige ƙarƙashin rumbu bai fito ba sai da yamma. Eemeli ya ce sabo ne, haƙoransa ba su saba da namu ba, su goga juna su daidaita. Ni ma haka na ce wa kaina.

Nas Anelma ta ɗaga zuwanta sai tsakiyar Janairu. Ta ce gara ta gani a cikin sanyi na gaske. Na sauko da gadon Innarki kusa da murhu, na kafa mata sanda a bango har zuwa ƙofa. Batir ma a ɗaki yake kwana yanzu don kada sanyi ya kashe shi. Abokin kwana ne nagari, ba ya minshari, ba ya tambayata inda na kai kuɗin madara.

Kullum ina gwada ta, safe da rana da yamma, don kada ta ba ni kunya ranar. Kullum sai an yi waƙar.

Babanki mai sabon kik,
Jalmari

Göteborg, Janairu 1975

Baba,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara. Wasiƙarka ta wanke mini zuciya. Tun da Inna ta faɗi ban yi barci mai daɗi ba sai ranar da na karanta "ta tashi". Na karanta wa matan layinmu wajen matar fasto da karen Kawu Eemeli, har shugabar layi ta tambayi me ake wa dariya. Tunda ka dawo da tsokana, na san komai ya daidaita.

Ka ga amfanin sabon abu? Da tuni kana can kana tonon juji.

Na rubuta wa Inna wasiƙa daban, na roƙi masu jinya su karanta mata. Na gaya mata an gama, mota ta gyaru, ta shirya jakarta, ranar da Nas Anelma ta je gida ranar za ka zo ka ɗauke ta. Na san kai ba za ka faɗa mata kai tsaye ba, sai ka tsaya zolaya. Ta sha jira, ya kamata ta sami abin riƙewa.

Ka rubuto mini a ranar. Ka gaya mini abin da ta fara cewa da ta shiga ɗaki. Na san faɗa za ta yi a kan labule.

Ritva

Göteborg, ƙarshen Fabrairu 1975

Baba,

Ina fatan lafiya. Janairu ta wuce, Fabrairu ta kusa ƙarewa, ba wasiƙa. Da farko na ce hidimar Inna ce ta hana ka zama. Yanzu kuma ban san me zan ce ba. Na buga tarho asibiti daga gidan waya, na tambayi Inna, wata ta ɗauka ta ce Hilkka Moilanen tana nan a gadonta, ba ta son zuwa wurin tarho. A gadonta, Baba? Me ya faru? Ko layi biyu ne ka rubuto. In ka ga dama ka bar barkwancin a gida.

Ritva

Kivivaara, Maris 1975

Ritva 'yata,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Na fara wasiƙar nan sau da yawa, murhu ya karanta su duka.

Nas Anelma ta zo ranar da sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili. Tun da sassafe na sa kaskon garwashi a ƙarƙashin injin, na mayar da batir, na share toka don kada ta gani. Ta duba gado, ta jijjiga sandar bango, ta ce aiki ya yi. Ta sha kofinki da burodi. Har na ga kamar gefen bakinta ya motsa. Sai ta ajiye kofi ta ce, "To, Baba Moilanen, mu gaisa da gwaggon taka."

Na shiga na murɗa makulli. Ba waƙa. Sai wani irin ƙugi, kik yana juyawa shi kaɗai a iska, bai kama komai ba.

Bari in gaya miki abin da na sani yanzu, wanda rabinsa na sani tun ranar magagari. Kik ɗan ƙaramin gare ne mai haƙora, yana cusa kai ya kama haƙoran babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya juya shi. Naki an yi shi ne don injin fetur ɗin da Lempi ta zo da shi duniya. Wannan injin kuwa ya mutu shekarar da kika tafi. Ni da Eemeli muka ciro na dizal daga tsohuwar motar madara muka dasa mata. Ban taɓa rubuta miki ba. A nan wa yake ba da labarin canjin inji? Ba motar da ke ƙauyen nan da cikinta na haihuwa. Haƙoran naki ƙanana, na motar madara manya. Waƙar nan da nake ba ki labari, cin juna suke yi. Inji kuma idan ya mutu kusan wuri ɗaya yake tsayawa kullum, don haka wuri ɗaya ake ci. Duk gwajin da nake yi safe da rana da yamma, haƙoran nake ƙarasawa. Na cinye su tas saboda tsoron kada su ba ni kunya.

Akwai dabara. Ka sa babbar giya, ka fito ka jijjiga motar, faifan ya ɗan matsa zuwa inda sauran haƙora suke. Na ce wa nas, "Minti ɗaya, tana son a lallashe ta." Na sa kafaɗa a jikin ƙofa na tura. Ƙafata ta zame, na tafi da baya, na kwanta ina kallon sama. Sama tana da kyau ranar, ban taɓa lura ba.

Eemeli yana bakin shinge, dama tun safe yake laɓe. Ya taho da sauri irin nasa, ya ɗaga ni, muka tura tare. Na koma na murɗa, ta yi kururuwa, ta tashi. Hayaƙi ya rufe mu. Na leƙo na ce, "Kin gani?"

Ta ce, "Na gani." Ta juya wajen Eemeli. "Ranar da matarsa za ta sake faɗuwa, kana nan a bakin shinge?"

Eemeli ya ce, "'Yar nan, ni na girme shi. Kada ki sa ni a lissafi, ni ma jiran mai ɗaukata nake."

Na ce mata ai ta tashi, sharaɗin ke nan. Ba ta yi gardama ba. Ta matso ta kakkaɓe mini ƙanƙarar da ke bayan rigata, kamar yadda ake yi wa yaro. Da zagina ta yi da ya fi mini. Ta ce, "Mu bari ƙanƙara ta narke, Baba. Ka gyara ta sosai, in dawo."

Tunda motar tana kunne, na wuce asibiti. Na tarar da Innarki zaune a bakin gado, an sa mata takalma, jaka a cinya, ɗankwali shuɗi a ka. Masu jinya suka ce tun da gari ya waye take haka, ko abinci ta ƙi ci don kada ta ɓata riga. Na tsaya a ƙofa na ce, "Hilkka, gwaggo ta ce a gaishe ki, wai haƙori ke damunta." Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta sa hannun hagu ta zare ɗankwalin. Ko wawa ba ta ce mini ba.

Abin da ya faru ke nan. Kin ce layi biyu, na yi miki ƙari.

Babanki

Göteborg, Afrilu 1975

Baba,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ina fatan bayanka bai ji ciwo ba.

Ka canza inji shekara da shekaru, ka rubuto mini labarin karsana da ta shiga coci, da labarin haƙorin roban Kawu Eemeli da ya faɗa rijiya, amma ba ka taɓa cewa Lempi ta koma dizal ba. Noti ya ƙi shiga, ka ga da idonka, ka ɗauko magagari. Me ya hana ka rubuto ka ce, Ritva, ba shi ba ne? Da na mayar an canza. Mako biyu ne kawai.

Ka ce mini yana waƙa. Ni kuma na tsaya a gaban mata ina karanta musu suna dariya, ashe kuka kake yi mini. Ta yaya zan gane, Baba? Da murya ɗaya kake faɗin an haihu da an mutu.

Ni na sa ta ɗaura ɗankwalin nan. Ina ɗinka kujera ina ganinta zaune da jaka a cinya. Na rubuta mata sau biyu, ba amsa, ko ta bakin masu jinya.

Ka ƙirga haƙoran tsohon kik ɗin da ya ƙone, ka rubuto mini, da duk abin da ke rubuce a jikin injin. Zan nemo daidai shi ko a ina yake. Zan zo hutun Yuli. Ka gaya mata.

Ritva

Kivivaara, Mayu 1975

Ritva,

Gaisuwa mai yawa. Ƙanƙara ta narke, hanya ta zama kunu, sauro sun aiko a ce suna tafe. Bayana ya warke, ya koma ciwonsa na da.

Kin tambayi me ya hana ni cewa ba shi ba ne. Na yi ta tunani. 'Yata ta ba da Asabar ɗinta da Kirsimetinta ta aiko mini abu a kwali. Ban iya mayar da shi ba, shi ke nan. Ba kik ɗinki ya yi laifi ba, magagarina ne. Yana motar surukin Eemeli yanzu, mai fetur, ko tari ba ya yi.

Kada ki nemo komai. Mun gyara. Mun sauke akwatin giyar motar a cikin rumbu, muka ciro faifan. Haƙoran a jikin zobe suke, kuma gefe ɗaya ne ya cinye. Muka buge zoben ya fita, muka gasa shi a murhun sauna, ɗakin wankan tururi, har ya buɗe, faifan kuma muka binne shi a sauran ƙanƙarar bayan rumbu ya tsuke, muka juya zoben muka mayar ta ɗaya gefen. Eemeli ya ƙone babban yatsa, ya kira sunayen da ban san ya sani ba. Kik kuma mun samo a wani ƙauye, jikin 'yar'uwar motar madarar nan, kaji suna ƙwai a cikinta. Wannan karon na ƙirga haƙora, na sa Eemeli ya ƙirga, na sake ƙirgawa. Noti uku suka shiga da hannu.

Nas Anelma ta dawo. Na murɗa, ta tashi. Ta ce in kashe in sake. Ta tashi. Ta ce, "Je ka ɗauko matarka, Baba Moilanen." Har ta yi dariya, ashe tana da haƙora.

Na yi aski, na sa rigar coci, na tafi. Innarki tana kwance tana fuskantar taga. Na ce, "Hilkka, tashi, an sake ki. Mota na waje."

Ta ce, "Bar shi."

Na ce ba wasa nake ba, ga takardar nas. Na rantse mata, ni da ban iya rantsuwa ba tare da murmushi ba, na rantse fuskata a ɗaure.

Ta ce, a hankali, don kalmomin suna yi mata nauyi, "Nan da ɗumi. Ba a jiran kowa."

Na ce gado na kusa da murhu, na wanke labule. Ta ce, "Sau ɗaya na shirya, Jalmari. Ba na sakewa."

Jakar ma ta ba matar gadon kusa. Likita ya ce kada a matsa mata, wai ta saba, wai hakan ma alama ce mai kyau. Wannan likitan bai taɓa ganin alama mara kyau ba. Na koma Laraba, na koma Lahadi, na sake komawa. Amsar ɗaya ce, yanzu ma ba ta bari in kai ƙarshen tambayar. Na gaya mata za ki zo Yuli. Ta ce to. Ki zo, amma kada ki zo da shirin lallashi, na riga ki gwadawa da duk abin da nake da shi, kin kuwa san ba shi da yawa.

Abu ɗaya ne ban yi lissafinsa ba. Duk lokacin sanyin nan, idan na fito daga wurinta, a ƙarƙashin tagarta nake fama da Lempi, in tura, in jijjiga, in buɗe bonet in yi kamar na san abin da nake nema. Takan sa a juyo da ita tana kallona. Wani lokaci har rabin sa'a muna tare a haka, ni a ƙasa ita a sama. Yanzu ina taɓa makulli take tashi. Jiya na zauna a ciki na ɗan jima hannuna a kan makullin, sai mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce, "Ta sake lalacewa ne, Baba? In tura ka?" Na ce a'a, lafiyarta lau. Na murɗa ta tashi, na tafi.

Babanki,
Jalmari